Mai son harhaɗa kwamfutar tebur ya fara da lissafin wuta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana da matasa da masu ƙananan sana'o'i da ke son su sayi kayan kwamfutar tebur ɗaya bayan ɗaya su harhaɗa da hannunsu. Abin ba shi da wuyar da ake zato, sukurudireba ɗaya mai bakin sita da ɗan haƙuri sun isa. Wajen zaɓen kayan ne ake tafka asara. Yawancin bidiyon da ake koyo da su a YouTube an yi su ne a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa, ɗaki kuma da sanyinsa, shi ya sa suke farawa da furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, da katin girafik mai sarrafa hoto, su bar maganar wuta sai can ƙarshe. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, wuta ce a gaba, sai zafi da ƙura, sannan sauran kaya su biyo baya.

Kafin a taɓa aljihu, mutum ya san aikin da zai ba injin, domin aikin ne ke faɗin wutar da zai sha. Mai buga takardu, mai yi wa ɗalibai rajista, mai riƙe lissafin shago, ba ruwansu da katin girafik. Injinsu da allonsa ba kasafai suke wuce wat 100 ba. Mai tace bidiyon biki, mai zanen gini, mai buga wasanni masu nauyi, nasu kan sha wat 300 zuwa 400 idan aiki ya yi zafi. A ɗora wannan a kan batir a gani. Batirin inbata mai bolt 12 da 200Ah yana da wat-awa 2,400 a rubuce. Idan mai ruwa ne ko jel, rabin wannan ake so a sha don kada ya mutu da wuri, inbata kuma ta ci nata kason, sai a tashi da wajen 1,000. Injin ofis zai yi kusan awa goma a kai. Injin mai kati kuwa wajen awa uku kawai zai yi. Wanda ke dogaro da sola ya yi wannan lissafi tun kafin ya ga wani kati mai fitilu ya biya masa rai.

Akwatin da ke karɓar wutar bango ya rarraba wa sauran kaya, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, kwalinsa kuma ke ɗauke da haruffan PSU, shi ne abin da aka fi rainawa, shi ne kuma idan ya mutu ba ya tafiya shi kaɗai. Yakan ja madabod, wato babban farantin da ake jona sauran kaya a kai, wani lokaci har da SSD, wurin ajiyar bayanai, da duk abin da ke ciki. Wanda ake bayarwa kyauta a cikin kesin mai arha, a cire shi a ajiye gefe. Lambar da aka buga da manyan baƙaƙe a jikinsa ba ita ce abin dubawa ba. A juya a karanta jadawalin da ke kan takardar gefe, a nemi layin +12V, domin daga nan furosesa da kati suke sha. A ninka amfiyar da aka rubuta da 12. Na kirki mai wat 550 zai nuna wajen amfiya 45, wato wat 540. Idan an rubuta wat 500 a sama amma layin +12V ya nuna amfiya 18, to wat 216 ke nan, sauran cika baki ne. A ɗaga shi ma a hannu a ji. Wanda aka yi wa rowar kaya a ciki ba shi da nauyi.

Girman fawa-fak ɗin da ya dace ba a ƙiyasta shi da ido. A ɗauki furosesa samfurin Core i5-12400 a matsayin misali. An rubuta masa wat 65, amma kamfanin Intel da kansa ya nuna yana iya kai wat 117 idan ya ƙure gudu. A haɗa da kati RTX 3060 mai shan wat 170, a ƙara wat 60 na madabod da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da injin ke kai) da SSD da fankoki, an tashi da kusan 350. A bar sarari a sama, sai a sayi mai wat 550, wanda shi ne ma abin da Nvidia ta ba da shawara ga wannan kati. Injin da ba shi da kati, wat 400 zuwa 450 na kamfanin kirki ya ishe shi har da ragi. Sayen mai wat 1,000 don injin ofis ba ya ƙara gudu, ba ya kuma ƙara tsaro.

Tambarin 80 Plus, ko Bronze ne ko Gold, yana nuna yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi ne kawai. Ba shaidar inganci ba ce, kuma buga shi a kwali ba ya yi wa mai jabu wuya. Abubuwa uku sun fi shi amfani a gare mu. A duba wutar da fawa-fak ɗin yake karɓa: wanda aka rubuta wa 100–240V zai ci gaba da aiki ko wutar unguwa ta yi ƙasa sosai, wanda kuwa aka rubuta wa 200–240V zai riƙa kashe kansa da zarar wuta ta rage ƙarfi da magariba. A duba kariyar da aka lissafa, irin su OVP da OCP da SCP da OTP, masu yanke wuta idan ta yi yawa, ko waya ta haɗu, ko zafi ya wuce kima. Sannan a duba a wane zafi aka auna ƙarfinsa. Wani a digiri 30 aka auna, wani a 40 ko 50, kuma ɗakin da ba na'urar sanyaya a watan Afrilu ya wuce 30 tun da hantsi. Tsofaffin da ke zuwa daga Amurka wasu suna da jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Idan yana kan 115 aka soka shi a wutarmu, ƙara ɗaya zai yi, sai hayaƙi. Masu wayoyin da ake cirewa kuma, kada a taɓa aron wayar wani samfuri a sa wa wani, ko bakin ya shiga daidai, domin jerin wayoyin ciki ba ɗaya ba ne daga kamfani zuwa kamfani.

Tsakanin bango da injin kuma akwai aiki. UPS ita ce akwatin batirin da ke riƙe inji idan an ɗauke wuta. Ƙaramar da aka rubuta wa 650VA ba wat 650 take ɗauka ba, wajen 360 zuwa 390 ne, batirin cikinta kuma yawanci bolt 12 ne da 7Ah. Mintoci kaɗan za ta ba ka, ka adana aiki ka kashe, ko ka tayar da janareta. Injin mai kati yana son 1,000VA zuwa sama. Kada a jona firinta mai leza a kanta, lokacin da take ɗumama kanta tana jan wutar da ta fi ƙarfin UPS ɗin. Fawa-fak na zamani galibi suna da abin da ake kira Active PFC, kuma wasunsu ba sa jituwa da inbata ko UPS mai arha wadda wutarta ba ta fita sumul. Sai a ji suna ƙugi, ko injin ya mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta, alhali don wannan lokacin aka sayi UPS ɗin. A nemi wadda aka rubuta wa pure sine wave a jiki. Idan an taɓa kesin an ji yana ɗan ja, gidan ba shi da wayar ƙasa mai aiki, a kira mai wayarin ya kafa sandar ƙasa, domin soket mai kare tsawa ma ba ya yin aikinsa sosai sai da ita. Da damina, in hadari ya taso, a zare filogi daga bango, a zare wayar intanet idan daga waje ta shigo. Sitabilaiza tana gyara wuta mai hawa da sauka, amma ba ta tare tsawa.

Sai furosesa da madabod, waɗanda tare ake zaɓensu, don kowace furosesa da irin mazauninta. Na AMD guda biyu ne a kasuwa yanzu: AM4, wanda Ryzen 5 5600 da 5600G ke hawa, mai aiki da RAM ɗin DDR4, da AM5 da ya fito a 2022, wanda DDR5 kaɗai yake karɓa. Na Intel, LGA1700 yana ɗaukar zubi na 12 da na 13 da na 14, madabod ɗinsa kuma wani na DDR4 ne wani na DDR5, ba ya haɗa biyun. Sai an karanta kwali. Shigar furosesa cikin mazauni ba ta nufin za ta tashi. LGA1151 shi ne babban tarko a kayan hannu: zubi na 6 da na 7 suna aiki da madabod masu lamba 100 da 200, irin su H110 da B250, zubi na 8 da na 9 kuwa sai masu lamba 300, irin su H310 da B360, alhali ramin iri ɗaya ne a ido. Haka madabod B450 da ya daɗe a shago ba zai gane Ryzen 5000 ba sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da inji, B660 ma ba zai gane zubi na 13 ba sai an yi masa hakan. Kowane kamfanin madabod yana da jerin furosesoshin da samfurin ke ɗauka a shafinsa na intanet, tare da lambar BIOS da ake buƙata. A buɗe shi a waya ana tsaye a gaban mai shago. Idan sai an sabunta, mai shago ya yi kafin a biya, ko a zaɓi madabod mai maɓallin sabunta BIOS da filash ba tare da furosesa ba. Kuma kada a kuskura a fara wannan aiki a kan wutar NEPA tsura. In aka ɗauke ta ana tsaka da shi, madabod na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Sunan i7 yana ruɗin mutane da yawa. Lambar da ke bayan sunan ita ce magana. Core i7-3770 zubi na 3 ne, na 2012. Core i3-12100 zubi na 12 ne, na 2022. Dukansu ƙwayoyin lissafi huɗu gare su, amma i3 ɗin ya bar i7 ɗin a baya nesa ba kusa ba. Akwai kuma maganar Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko mafi yawan Ryzen 2000 zuwa sama, tare da abin tsaron da ake kira TPM 2.0. Mai kafa sabon inji a kan abin da bai kai wannan ba ya san abin da ya saya. Harafin ƙarshe ma abin lura ne. Intel mai F a ƙarshe, kamar 12400F, ba ta da hoto a cikinta. In ba kati, allo ba zai nuna komai ba ko an jona shi a madabod. A ɓangaren AM4 akasin haka ne, mai G a ƙarshe ita ce mai hoto, 5600 tsura ba ta da shi. Ga mai ƙaramin ƙarfi da ke son inji mai sauƙin wuta, a ganinmu da wuya a samu abin da ya fi 5600G a kan B450 ko B550, ko i3-12100 a kan H610. Wanda aka yi wa tallan manyan furosesoshin Intel zubi na 13 ko na 14 na hannu, musamman i7 da i9, ya yi hattara: a 2024 kamfanin ya amsa cewa wasunsu suna lalacewa a hankali saboda wutar da ke yi musu yawa, ya fitar da gyara ta BIOS, amma gyaran ba ya dawo da wadda ta riga ta taɓu.

Madabod mai tsada ba ya ƙara wa furosesa gudu a aikin yau da kullum. A duba dai ramukan RAM nawa ne, akwai gurbin M.2 na soka SSD, akwai ƙarfen sanyaya a kan ƙananan kayan da ke kewaye da mazaunin furosesa, kuma bakin hoton da ke baya ya dace da allon da ake da shi. Da yawa ba sa zuwa da Wi-Fi, alhali yawancinmu da waya ko MiFi muke shiga intanet. Ko a sayi mai shi, ko a tanadi ɗan abin sokawa na USB, ko a jona wayar da kebul.

RAM: gigabait 8 shi ne ƙasa, 16 shi ne daidai ga yawancin mutane, mai tace bidiyo ya nemi 32. A sayi sanda biyu iri ɗaya, wato 8 biyu sun fi 16 guda, domin furosesa tana ɗiba ta hanya biyu a lokaci ɗaya. Bambancin ya fi fitowa a injin da ba kati, tunda hotonsa daga RAM yake ci. A madabod mai ramuka huɗu, na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake fara cikawa, waɗanda aka fi rubuta wa A2 da B2. In aka jera su kafaɗa da kafaɗa a na ɗaya da na biyu, injin zai tashi amma a hanya ɗaya. DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, kada a danna da ƙarfi. A kasuwar kayan hannu ana samun RAM na manyan injinan saba da arha mai jan hankali. A karanta takardar jikinsa: bayan lambar gudu da harafin da ke manne da ita, idan harafin da ya biyo U ne, kamar PC4-2666V-U, na kwamfutar tebur ne, idan R ne, na saba ne, madabod na gida ba zai tashi da shi ba, idan S ne, na laftof ne, gajere. Wani abin da ake mantawa shi ne sandar da aka rubuta wa 3200 sau da yawa a 2133 ko 2400 take tashi, sai an shiga BIOS an kunna saitin da ke ba ta cikakken gudunta, wato XMP, ko EXPO a AM5. Injin DDR5 kuma a tashin farko yakan yi shiru allo baƙi na minti ɗaya ko fiye yana gwada RAM ɗin. A bar shi, ba lalacewa ya yi ba.

Wurin ajiya ba ya buƙatar dogon zance: Windows a kan SSD ake sa ta. SSD akwai na SATA akwai na NVMe: na SATA yana karanta wajen megabait 550 a daƙiƙa, NVMe na PCIe 3.0 wajen 3,500, na 4.0 har 7,000, faifai mai juyawa kuwa da ƙyar yake wuce 200. Wajen buɗe takardu da intanet ba za a ji bambanci sosai tsakanin SATA da NVMe ba. Mai kwashe manyan bidiyo shi zai ji. Gigabait 512 ya isa farawa. Siffar M.2 iri biyu ce, akwai mai magana da SATA akwai NVMe, ba kowane gurbi ke karɓar duka ba, kuma a wasu madabod in aka cika gurbin M.2 sai ɗaya ko biyu daga bakunan SATA su daina aiki. Littafin madabod ya faɗi wanne. Faifai mai juyawa har yanzu yana da amfani don tara bidiyo da hotuna, sai dai shi ya fi jin jiki idan wuta na yawan yankewa yana tsaka da rubutu. Wanda ya sayi terabait 1 ya ga Windows ta nuna 931, ba a cuce shi ba, salon ƙirga ne. Cuta ita ce SSD marar suna da ke nuna terabait 2 alhali cikinsa bai kai ko kusa ba. Manhajar H2testw tana cika shi da bayanai ta karanta, ta tona asirinsa.

Katin girafik shi ne ya fi cin kuɗi, shi ne kuma aka fi yin algus a kansa. Ramin madabod yana ba kati wat 75. Abin da ya wuce haka sai da waya daga fawa-fak, mai baki 6 tana ba da 75, mai baki 8 tana ba da 150. A tabbata fawa-fak ɗin yana da waɗannan wayoyi nasa na kansa. Ƴan jone-jonen da ke mayar da wayar SATA ta zama ta kati suna zafi har su narke. Akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna a ciki su riƙa nuna GTX 1050 Ti. Alamar farko ita ce bakin VGA mai shuɗi a jiki, tunda katunan Nvidia daga zubin GTX 10 sun daina fitar da irin wannan hoto, manhajar GPU-Z kuma takan fallasa su. RX 580 na hannu da yawa sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana, wanda aka rubuta wa 2048SP kuma ƙarfinsa na RX 570 ne. Ba a ce kada a saya ba, amma a sa shi aiki mai nauyi na minti ashirin a shagon, a ga ko allo zai yi zane-zane ko ya ɗauke, a saurari fankokin. Mai tsohon allo na VGA ya tanadi abin juya HDMI zuwa VGA. In an sa kati, a jikin katin ake jona allo, ba a madabod ba. Wannan kaɗai ya sa an sha ɗauko inji lafiyayye an kai wajen gyara.

Zafi kuwa lissafinsa a fili yake. Masu gwada kaya a Turai da Amurka a ɗaki mai digiri ashirin da ɗoriya suke aunawa. Ɗakin da ya kai 38 a bazara zai ƙara wajen digiri 15 a kan duk lambar da suka faɗa. Furosesa tana fara rage gudunta da kanta idan ta kusanci 95 zuwa 100, sai a ga inji yana nauyi da rana, yana sakewa da dare. Fankar da ke zuwa a kwalin 5600G ko i5-12400 tana iya aikin ofis, amma mai aiki mai nauyi ya sayi doguwar mai fanka milimita 120 da bututun tagulla huɗu. Tsayinta kan kai milimita 155, a duba ko kesin zai rufu, a kuma tabbata akwai maƙalan mazaunin da aka saya, don na LGA1700 daban yake da na tsofaffin Intel. Mai sanyaya da ruwa ba dole ba ce ga irin waɗannan injina, kuma ranar da famfonta ya tsaya sai an sauya ta ɗungurungum. A ɓare ledar da ke manne a ƙasan ƙarfen kafin a ɗora, a ɗiga man sanyaya gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure sukurori a gicciye kaɗan-kaɗan.

Kesin mai gilashi a gaba yana da kyau a hoto amma yana shaƙe iska. A zaɓi mai raga, a sa fanka biyu a gaba masu shigo da iska ta bayan matata, ɗaya a baya mai fitarwa. Idan mai shigowa ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun hanyar kutsowa ta ƙananan ramuka. Iska tana fita ne ta gefen fankar da ke da sanduna masu riƙe injinta. A ɗora kesin a kan tebur ko benci, ba a ƙasa ko kan kafet ba. Da hunturu a kakkaɓe matata duk mako biyu, a hure ciki da bulowa duk wata biyu ko uku, ana riƙe fankoki da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima. Girman madabod ma a daidaita shi da kesin: ATX milimita 305 ne a 244, microATX 244 a 244, ƙarami yana shiga babban kesin, babba ba ya shiga ƙarami.

Masu tunanin sayen tsohuwar kwamfutar ofis ta Dell ko HP ko Lenovo su kwashe kayanta su zuba a sabon kesin, su sani da yawansu madabod da fawa-fak ɗinsu na musamman ne, bakin wayar ba mai 24 da aka saba ba ne, ramukan sukurori ma ba sa dacewa. Furosesa da RAM da faifai kaɗai ke ƙaura lafiya. Irin wannan inji gara a bar shi a gidansa, a ƙara masa SSD da RAM. In zubi na 8 ne zuwa sama, zai yi aikin ofis ba laifi, kuma sau da yawa ya fi harhaɗa sabo arha.

Ko a titin Beirut na Kano aka je, ko Banex a Abuja, ko aka yi saƙo daga Computer Village ta Ikeja, a yi sharaɗin gwaji da mayarwa kafin kuɗi su fita, a sa mai shago ya rubuta lambar jikin kowane kaya a rasit. A haska mazaunin furosesa da fitilar waya: a Intel da AM5 alluran suna kan madabod, a AM4 suna jikin furosesa, allura ɗaya da ta lanƙwashe ta isa ta kashe ramin RAM guda. SSD ko faifai na hannu a duba shi da manhajar CrystalDiskInfo, za ta nuna awannin da ya yi yana aiki da lafiyarsa.

Ranar haɗawa, a fara gwaji a waje. A ɗora madabod a kan kwalinsa, a sa furosesa ana daidaita ɗan alamar kusurwa uku da ta mazauni, ba a dannawa, da kanta take zama. A sa fanka a jona ta a bakin da aka rubuta wa CPU_FAN, a sa RAM sanda ɗaya har maƙalan su yi ƙas, a jona waya mai baki 24 da mai baki 8 ta furosesa, wadda ke rabuwa 4 da 4; ta kati 6 da 2 take rabuwa, kada a musanya su. A taɓa allurai biyu na maɓallin kunnawa da bakin sukurudireba. In hoto ya fito, sai a shigar cikin kesin. Da hunturu jiki yana tara wutar da ke tartsatsi in an taɓa ƙarfe, don haka a riƙa taɓa jikin kesin kafin a ɗauki kowane kaya, a kuma riƙe shi ta gefe. A cikin kesin, a ƙirga ƴan ginshiƙan tagullar da madabod ke zama a kai su yi daidai da ramukansa. Guda ɗaya da ya rage a inda ba rami zai taɓa bayan madabod ya haɗa wuta. In an kunna fankoki na juyawa amma ba hoto, RAM ake fara zargi: a cire a mayar da kyau, a gwada sanda ɗaya-ɗaya. Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu masu suna CPU, DRAM, VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda matsalar take. In abin ya ƙi, a zare wuta, a cire batirin CR2032 mai kama da kwabo na ƴan mintoci a mayar. Bayan an sa Windows, a bar manhajar MemTest86 ta zagaye RAM sau huɗu, a matsa wa furosesa aiki na rabin awa ana kallon zafinta a manhajar HWiNFO, duk a cikin kwanakin da aka yi sharaɗi da mai shago, kafin a zuba aikin mutane a ciki.

Wassalam.

Daga wasu masu gyara da harhaɗa kwamfuta,
Kano.